"Tun da Baban yara ya rasu sallata ta bushe, ga shi ina son komawa makaranta ina da shekara 42"

Wannan saƙon ya shigo min daren Laraba daga wata baiwar Allah a Unguwar Rogo nan cikin Jos, ta roƙi kar in ambaci sunanta. Na ɗan rage shi don yana da tsawo, ga dai abin da ta ce:

"Anti salamu alaikum, dan Allah ki ba ni shawara. Shekarata 42, ina JS3 aka cire ni aka min aure ina 'yar 16. Mijina tumatir yake sayarwa a Farin Gada, mun yi shekara 24 tare, shekara biyu kenan da rasuwarsa, ya bar ni da yara biyar, yanzu masa nake soyawa da safe a ƙofar gida. Tun da ya rasu ban ƙara jin daɗin sallah ba, ina yi dai ban bari ba amma kamar ba ni ke yi ba, da shi yake tashina tahajjud yanzu ko asuba da ƙyar, wani lokacin har zuciyata ta ce me ya sa ni, sai tsoro ya kama ni ko imanina ne ya tafi. Sannan ina son in koma karatu in zama malamar firamare, burina ne tun ina yarinya, amma yayan mijina ya ce girma ya kama ni in nemi miji in rufa wa kaina asiri, ga 'yata ta biyu tana SS3 ina jin kunyar a ce ni da ita muke rubuta jarrabawa. Anti ko dai lokacina ya wuce?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Baban yara, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari, ke kuma Ya ba ki ladan haƙuri.

Sau uku na karanta saƙonki wallahi, kuma ke kin kawo min matsala biyu amma ni ɗaya nake gani. Kin shiga gidan mutumin nan kina 'yar 16, ko girki ba ki gama iyawa ba, shekara 24 shi ne a gabanki, shi ke shiga kasuwa, shi ke magana da dangi, shi ke biyan kuɗin makaranta, har tsayuwar dare ma shi ke taɓa ƙafarki ya ce tashi. Yau babu shi. To tsayawa gaban Allah ke kaɗai da tsayawa gaban mutane ke kaɗai duk yanzu kike koyonsu, a shekara 42, kuma duk abin da mutum yake koyo sabo dole ƙafarsa ta yi rawa. Rawar ƙafar nan ita kike kira tafiyar imani.

Bari in fara da sallar don na san ita ta fi cin ranki.

Wadda imaninta ya tafi ba ta tashi cikin sanyin Jos ta taɓa ruwa ta yi alwala, ba ta kuma zama tsakar dare ta rubuto wa wata tana kuka kan sallarta ta bushe. Akwai sahabi Hanzala, yana cikin masu rubuta wa Annabi (SAW) wahayi, ya haɗu da Sayyadina Abubakar ya ce masa Hanzala ya yi munafunci, saboda in muna gaban Manzon Allah yana mana zancen wuta da aljanna kamar muna ganinsu da ido, amma da mun koma cikin mata da yara da gonaki sai mu manta da yawa. Abubakar fa, Abubakar, ya ce wallahi ni ma ina jin haka. Suka tafi tare suka faɗa wa Annabi, bai ce musu munafukai ba, ya ce da za ku dawwama a kan halin da kuke ciki a wajena da mala'iku sun yi musabaha da ku a kan shimfiɗunku da hanyoyinku, amma ya Hanzala, lokaci bayan lokaci. Yana cikin Sahihu Muslim. Kuma a nan dai akwai inda wasu sahabbai suka zo suka ce muna jin wani abu a zukatanmu da ɗayanmu yake jin nauyin ya furta, ya tambaye su da gaske kun ji hakan, suka ce eh, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Wato tsoron da ya kama ki lokacin da zuciyarki ta ce me ya sa ni, shi kansa shaida ne a gare ki. Ki nemi tsari daga Shaiɗan ki wuce, kar ki zauna kina yi wa kanki shari'a.

Ke mai masa ce, kin fi ni sanin abin da zan faɗa. Ƙullun da kika haɗa da daddare a watan Afrilu kafin ki farka ya cika roba har yana neman zuba, amma a Disamba ko Janairu, lokacin da hazo yake rufe Dogon Dutse yara suna tafiya makaranta da safa biyu, sai ki buɗe da ƙarfe huɗu ki gan shi kwance kamar ba a sa masa yis ba. Kin taɓa zubar da shi? Ai matsar da shi kike yi kusa da murhu, ki ƙara rufe shi da tsohon zani ki ba shi lokaci. Zuciyar da aka yi wa rashi irin naki tana cikin hunturu ne, shekara biyu ba wani abu ba ne a kan zaman shekara 24.

Saboda haka ki daina bin tahajjud ɗin da da gudu, kina auna kanki da matar da kike a da kina faɗuwa kullum. Ki riƙe farilla biyar da haƙoranki, ko da daɗi ko ba daɗi. Ki ƙara wutiri kafin ki kwanta, ko raka'a ɗaya ce. Tunda dama kina tashi ƙarfe huɗu saboda masa, in kin yi alwala ki yi raka'a biyu gajeru kafin ki hura wuta, ranar da kika makara ki bari ba laifi. Annabi ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Kuma ki nemi ɗumi a wajen mutane, Islamiyyar matan aure ba ta ƙarewa a Unguwar Rogo da Rikkos da Gangare, ki shiga ko sau biyu a sati, zama ke kaɗai a ɗakin da kayansa suke rataye yana ƙara sanyin.

Abu ɗaya kuma ban so in tsallake, in har ba kya barci, abinci ba ya shiga, kina ramewa, ko kina jin gara ki bi shi, to wannan ya wuce maganar raunin imani, ciwon damuwa ne kuma ciwo ne kamar hawan jini, ki je asibiti ki faɗa wa likita yadda kika faɗa min, a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai masu duba irin wannan. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Akwai addu'ar da nake so ki riƙe, ta Ummu Salama. Ita ma mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, mijin da suka yi hijira tare zuwa Habasha, kuma ta san Annabi ya koyar cewa duk wanda musiba ta same shi ya yi Inna lillahi sannan ya ce Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, Allah Ka ba ni lada a musibata Ka mayar min da abin da ya fi. Kin san me ta fara cewa? Wane ne a Musulmi ya fi Abu Salama? Zuciyarta ba ta ga ta inda mafi alherin zai fito ba, amma ta faɗi addu'ar haka nan. Daga baya Annabi ya aure ta. Kuma abin da na fi so a labarinta ba auren kaɗai ba, a Hudaibiyya shekara ta 6 bayan hijira, lokacin da sahabbai suka cika da baƙin ciki aka ce su yanka hadayarsu su yi aski ba wanda ya motsa, ita ce ta ba Annabi shawara ya fita kar ya yi wa kowa magana ya yanka nasa ya kira wanzami, yana yin haka kowa ya tashi. Matar da ta zauna tana tunanin ta ƙare, ashe babban aikinta yana gaba.

To mu zo kan ko lokacinki ya wuce.

Mijinki ya rasu kina da 40 cif. Je ki buɗe Suratul Ahƙaf aya ta 15, nan ne Allah Ya ambaci shekara arba'in da sunanta, Ya ce har idan mutum ya kai cikar ƙarfinsa ya kai shekara arba'in, sai ya ce Ubangijina Ka kimsa min in gode wa ni'imarKa da Ka yi min da iyayena, kuma in aikata aiki nagari da Ka yarda da shi, Ka kyautata min zuriyata. Cikar ƙarfi aka ce fa, kuma roƙon da aka sa a bakin ɗan arba'in roƙon yin aiki ne, ba na naɗe tabarma ba. A shekara 40 aka fara yi wa Annabi wahayi, yana da 53 ya bar garinsu ya fara sabuwar rayuwa a Madina. A Suratur Rum aya ta 54 Allah Ya jera mana matakan, rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Wannan raunin na ƙarshe zai zo in da rai, ranar da gwiwa ba za ta bari ki hau keke napep ba balle zaman aji, amma ba ki kai can ba tukuna, macen da ke tashi ƙarfe huɗu ta soya kwano biyu na masa ta ciyar da mutum shida tana tsakiyar ƙarfinta ne. Mu a gidajenmu ne muka mayar da mace tsohuwa da zarar 'yarta ta isa aure. A ƙasar Hausan nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, ta ba su malfa, su ke shiga ƙauyuka su tattaro mata su koyar da su, su ne 'Yan Taru. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka.

In ba ki labarin gwaggona, ƙanwar babanmu, Allah Ya jiƙanta. Tana da shagon atamfa a kasuwar Taminus, ita ma bazawara ce a lokacin, ta haura hamsin, duk abin da ta mallaka yana cikin shagon nan. Watan Fabrairun 2002 kasuwar ta ƙone. Ni na raka ta da safe, hayaƙi bai gama tashi ba, ba a bari a matsa kusa, muka tsaya daga tsallaken titi cikin mutane wasu na salati wasu na zaune a ƙasa sun dafe kai, ita kuma makullin shagon yana hannunta ɗaure a bakin gyale tana ta murza shi da yatsa, ko hawaye ba ta yi ba. Muka koma gida ta yi wata guda kusan ba ta magana, ni da kaina na ji ta tana cewa ta ɗaga hannu addu'a ba ta san me za ta ce ba sai ta sauke. Ranar wata Asabar ta kira ni ta ce in raka ta wajen wani da take saro kaya, ya ba ta turmi shida bashi, ta shimfiɗa leda a bakin titin Ahmadu Bello inda 'yan kasuwar da yawa suka koma, matar da ke da shago da yaran shago biyu ta zauna a ƙasa rana na dukanta. Na tambaye ta Gwaggo ba kya jin kunya, ta ce ina ji mana, kunyar ce za ta ba ni tuwo? Hannunta har rawa yake ranar farko in za ta ba da canji. Ba ta sake mallakar shago kamar na da ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a wannan zaman ne ta gane bashin da mutane suka cinye mata saboda littafin bashin yana kan yaron shago ita ba ta iya rubutu ba, ta shiga ajin yaƙi da jahilci da yamma, kuma na ga ranar da ta rubuta sunanta da kanta a takardar banki maimakon dangwala yatsa, ta riƙe biron kamar zai gudu. Addu'arta ma a wannan tsakanin ta dawo, ba ta jira ta dawo ba kafin ta fita.

Abin da nake so ki ɗauka kenan, kar ki ce sai tsoro ya tafi ko sai zuciya ta daidaita sannan ki motsa, ki motsa da su a jikinki.

Yanzu ga yadda hanyar take, don buri ba ya tafiya sai da lissafi. Shekara 26 rabonki da aji, kuma a JS3 kika tsaya, saboda haka kar ki yarda wani ya ruɗe ki ki biya kuɗin jarrabawa bana. Ki ba kanki shekara ɗaya, ko ɗaya da rabi, kina lesin. Jarrabawar da za ki rubuta ma ba irin ta 'yarki ba ce, su 'yan SS3 a makarantarsu suke yi da yunifom, ke kuwa ta 'yan waje za ki yi, NECO na da ita wajen ƙarshen shekara, WAEC ma na da tata, kuma in kin shiga zauren za ki ga masu gemu da masu goyo da ma'aikata, ba wanda zai kalle ki sau biyu. Abin da aka saba nema don shiga karatun malanta kiredit biyar ne har da Turanci da Lissafi, kuma ana karɓar sakamakon zama biyu a haɗa, to in Lissafi ya kayar da ke karon farko ba ƙarshen zance ba ne. Ki saka Hausa da darasin Addinin Musulunci a cikin darussanki, nan kina da ƙarfi tun yanzu. Ki duba sunanki da ranar haihuwarki a katin NIN, yadda suke a can haka za ki rubuta a ko'ina, harafi ɗaya in ya bambanta yana wahalar da mutum daga baya. Kuma dan Allah, za a zo a ce miki akwai mirakul santa inda ake biya a rubuta wa mutum amsa, kar ki je. Wadda za ta tsaya gaban yaran mutane ta koya musu karatu ba za ta fara da takardar sata ba, kuma ranar da kika riƙe alli abin da ke kanki ne zai fito.

Bayan nan sai NCE, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya. Akwai kwalejin ilimi a Gindiri amma da yara biyar da tanda ban ga yadda za ki tare a can ba, ni na fi ganin ki bincika tsarin NTI, cibiyar horar da malamai da hedikwatarta ke Kaduna, suna da karatun NCE daga nesa wanda ake haɗuwa ƙarshen mako da lokacin hutu, an yi shi ne dama don manya masu hidima. In komai ya tafi daidai kina wajen 47 ko 48 za ki gama. Aikin gwamnati a wannan shekarun ba zan yi miki alkawarinsa ba, makarantun kuɗi na cikin unguwa kuma albashinsu kaɗan ne, saboda haka kar ki saki masar nan, ita ce jarinki, ita za ta biya kuɗin fom. Ki shiga adashi ƙarami ki sa masa suna kuɗin makaranta, kar a taɓa shi don biki ko anko.

Sai maganar yayan mijinki. Kar ki yi faɗa da shi, baffan 'ya'yanki ne, gobe shi zai karɓi sadakin 'yan matan nan, kuma wataƙila tsoron nauyi ne ko tsoron bakin mutane ya sa shi faɗar haka, ba ƙiyayya ba. Amma ki sani yana da ta cewa a kan yaran ɗan uwansa, ba shi ne waliyyinki ba, waliyyinki yana gidanku, mahaifinki in yana raye ko yayanki ko baffanki. Kin yi takabarki wata huɗu da kwana goma kin gama, kuma ayar da ta ɗora miki takabar, Baƙara 234, ita ce ta ce idan sun cika wa'adinsu babu laifi a kanku cikin abin da suka yi da kansu bisa abin da aka sani na alheri. Annabi ma ya ce bazawara ta fi waliyyinta haƙƙi a kan kanta. Ki fara samun babba ɗaya a gidanku ya fahimce ki, sannan ku je tare ku gaishe shi, ki ce Yaya ga abin da na yi niyya, yaran ba za su tagayyara ba, ina neman albarkarka. Sanarwa ce cikin ladabi. In ya sa albarka alhamdu lillahi, in ya yi shiru ki ci gaba da kai masa yara gaisuwar Juma'a kamar da. Aure kuwa ban ce ki rufe ƙofa ba, ke ba tsohuwa ba ce kuma ba laifi in kina so, in mutumin kirki ya fito ki faɗa masa tun a zaure cewa kina karatu kuma ba za ki bari ba, amsar da zai ba ki za ta nuna miki ko wane ne.

'Yarki kuma, ke za ki faɗa mata da bakinki kafin ta ji a wajen maƙwabta. Kar ki yi mamaki in ta ɗan yi jim da farko, 'yan shekarunta abin da ƙawaye za su ce yana musu nauyi, ki ba ta kwana biyu. Sannan ki ce mata ke ce malamata ta farko. Bayan isha'i in an gama jiƙa shinkafar gobe ku zauna a tabarma minti talatin, in an ɗauke wuta ku kunna tocin waya, ta fara miki daga inda kika manta ba daga inda kika tsaya ba, ko da jadawalin sau ne. Za ki ji nauyi ranar farko in ta gyara miki kuskure, ki daure, ita ma karatun nata zai ƙara zama don mai koyarwa ya fi kowa riƙewa, ga jarrabawa a gabanta.

Ranar Litinin in kin kwashe masar ƙarshe kin wanke tanda, ki sa hijabinki ki je makarantar da ta fi kusa da ke ki tambayi inda ake lesin manya da nawa ake biya a wata, tambaya kawai, ba sai kin riƙe ko sisi ba. Ki rubuto min abin da suka ce, ina jira. Ki gaida min yaran duka, ita kuma 'yar SS3 ki ce Anti ta ce ta lalubo miki tsohon littafinta na Lissafi na JS1 kafin Litinin ɗin.